Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga direbobin a-kori-kura na Kano da iyayen gidansu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayena da yayyena direbobi, shugabannin tasha, da ku Alhazai masu motocin, ina gaishe ku da aiki, ya ƙoƙari ya kuma haƙuri da wannan yanayi da muke ciki. Tun kafin na ce komai bari na faɗa muku ni ɗan gida ne, ɗan direba ne ni. Mahaifina Allah ya jiƙansa da rahama a-kori-kura ya ja shekara da shekaru, tsohuwar Peugeot 404, yana ɗauko hatsi daga kasuwannin wajen Bichi da Dambatta yana kawowa Dawanau, da kuɗin wannan motar aka yi mana makaranta, da ita aka aurar da yayyena mata. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan wallahi ba raini a ciki, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da yasa na ɗauki waya nake wannan rubutun, wani abu ne da ya faru a gabana kwanakin baya kuma har yau ya ƙi fita daga raina. Wajen biyu da rabi na rana ne, lokacin an taso yara daga makaranta, na hau adaidaita daga Bata zan koma gida Kurna. Mu uku ne a baya, ni da wata baiwar Allah da goyonta da kular abinci a cinyarta, sai wata yarinya 'yar makaranta da ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Muna zuwa daidai wajen Ƙofar Ruwa gosulo ya riƙe, kowa yana tafiya kaɗan kaɗan, sai ga wata a-kori-kura a bayanmu ta ɗauko rodi, rodin ya zarto ta baya sosai kuma ko ɗan jan ƙyalle ba a ɗaura masa ba. Tun daga nesa mutumin nan ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba, alhali yana gani da idonsa babu inda za mu matsa, gabanmu mota gefenmu kwata. Da ya samu 'yar kafa sai ya kutso ta gefenmu da ƙarfin tsiya, yana karya kan motar ya dawo layi sai bakin rodin ya yage tamfol ɗin adaidaitan, saura ƙiris ya samu kan yarinyar nan. Yaron da ke jan mu, shi ma matashi ne jini na tafasa, ya leƙo ya ce malam ba ka gani ne, ya ɗaga hannu ya yi masa daƙuwa.

Shikenan fa. Direban ya hango a madubi, ya taka birki a tsakiyar titi, rodin nan ya taho kaman zai shigo mana ta gilashin gaba, Allah ne kawai ya tsare. Ya buɗe ƙofa ya fito da abin kwance taya a hannunsa, idonsa jawur, yaron motarsa na biye da shi, yana faɗin yau sai ka gaya min wanda ka zaga. Bai tsaya jin komai ba ya sauke ƙarfen nan a gilashin adaidaitan. Na ga ɓaraguzan gilashi sun zubo a kan farin hijabin yarinyar nan, ta ƙanƙame jakarta tana karkarwa ko kuka ta kasa yi, matar nan kuma hannunta da ta kare kan jaririn da shi ya yanke, kula ta kife miya ta malale mana a ƙafa. Ni kaina na fito ina ba da haƙuri amma ko kallona bai yi ba. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin titi shi ya taso ya riƙe masa hannu ya ce ɗana ka dubi Allah ka dubi goyon nan. Sai a lokacin ya juya ya kalli cikin adaidaitan, kaman wanda aka tasa daga barci, na ga hannunsa na rawa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, Baba tun asuba ko karyawa ban yi ba, sawu uku maigida yake jira kuma wannan ne na farko.

Wannan maganar tasa ita ta hana ni barci. Don na san ba ƙarya ya yi ba, kuma na san in da a majalisa ko a masallaci na haɗu da shi wataƙila shi zai fara miƙo min hannu. Mutum ne kaman kowa, yana da mata da 'ya'ya. Amma yunwarsa da sawu ukun maigidansa ba yarinyar nan ce ta ɗora masa ba, kuma da rodin ya matsa da taki ɗaya da yanzu wani zancen ake, shi yana tsare a hannun hukuma, iyayenta kuma suna karɓar gaisuwa.

Yayyena direbobi, na san halin da kuke ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura dubu, taya ta yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, bakanike ya ƙara kuɗi, shi kuma mai kaya yana nan yana cinikin kuɗin ɗauka kaman shekara biyar baya. Ga balas, kuɗin da ake kai wa mai mota, na jira da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Ga garin ya cika ya batse, tun da aka hana acaɓa a farkon 2013 adaidaita ta mamaye ko'ina, kuma gaskiya in ɓera da sata daddawa ma da wari, yaran adaidaita suna da nasu halin, su tsaya inda suka ga dama ba sigina, su yanko gabanka don fasinja ɗaya, mu masu babura da ƙananan motoci ma ba wankakku ba ne. Duk na yarda. Amma akwai bambanci ɗaya da nake so ku riƙe, in adaidaita ta yi ganganci galibi ita da fasinjanta ke kwana a ciki, in ku kuka yi da buhun siminti ko bulo ko rodi a baya, wanda ke gabanku ne ke tafiya.

Mahaifina yana yawan faɗa mana cewa motar da ta ɗau lodi ba ita ce motar da ka fito da ita daga gida da safe ba, sunan ne kawai ɗaya. Sai da na girma na gane lissafin. Mota tana gudun kilomita 60 a awa, a cikin daƙiƙa ɗaya tak tana cin kusan mita 17, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta sauka a kan birki ka riga ka wuce tsawon adaidaita biyar ko shida a jere, birkin ma bai fara kamawa ba. Kuma in ka ninka gudu, nisan da za ka ci bayan birki ya kama kafin ka tsaya ba ninkawa yake ba, sau huɗu yake komawa. Yanzu ka haɗa da obalodi, ka haɗa da tayar da ta sha ta zama sumul, ka haɗa da birkin da sai an yi masa famfo biyu uku kafin ya amsa, sannan ka zo ka manne a bayan mai babur da ya goyo 'ya'yansa biyu kana masa hon don ka tsorata shi ya kauce. In ya firgita ya faɗi fa? Ta ina za ka tsaya? Doka ma ta ce a cikin gari kilomita 50 ne iyaka, amma ku je titin Zariya daga Na'ibawa zuwa Dangi da sassafe ko titin Hadeja wajen Yankaba ku ga yadda masu kayan gwari da masu fiya wata suke tsere da juna, wai kowa so yake ya riga ɗan'uwansa sauke kaya.

In abin ya faru kuma sai a ce tsautsayi, ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma ganganci sunansa ganganci. Addininmu ma bai ce a share ba, kisan kuskure akwai diyya akwai kaffara, azumin wata biyu a jere babu hutu, wannan fa wanda ya yi kuskure na gaskiya kenan. To ina ga wanda ya bi mutum da mota da gangan don ya zage shi, ko ya matse shi jikin kwalbati don ya koya masa hankali? Wannan wane suna malamai za su ba shi? Ku tambaye su don Allah, kowace tasha akwai limami. Kuma duk mun sha ji a wa'azi cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin da ransa ya ɓaci, da mutumin da ya zo neman wasiyya wajen Manzon Allah tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi aka ce masa kada ka yi fushi, ya sake tambaya aka sake maimaita masa. Muna ji muna gyaɗa kai a masallaci, muna kama sitiyari sai mu bar shi a can.

Wanda yake ganin ƙari nake yi, ya samu lokaci ya je dubiya asibitin ƙashi na Dala, ya zauna da masu jinya ya tambayi kowa me ya kawo shi.

Bari na juyo kanku Alhazai, don ku ne rabin maganar. Kai ne ka sayi mota ka miƙa wa direba, ka yanka masa balas ɗin da kai kanka ka san ba zai fito ba sai ya yi gudu kuma ya yi obalodi, in ya ce Alhaji birki na so a duba ka ce ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata, in ya makara da kaya ka kira shi a waya sau goma yana tuƙi kana masa faɗa. Wannan faɗan da ka yi masa ba ya iya rama shi a kanka don kai ne abincinsa, sai ya sauke shi a kan na farkon da ya gifta masa a titi. Ruwa ba ya tsami banza. Wasu kuma don su rage kuɗin direba sai su damƙa wa yaron mota makulli, yaron da jiya jiya yake wanke taya, ba lasin ba komai, abin da ya iya kawai sa giya da taka wuta. Mu da muka tashi a gidan direba mun san a da yaro sai ya shekara da shekaru yana bin maigidansa, yana sa wejin a taya, yana ɗaure kaya da igiya, yana kallon yadda ake bin mutane, kafin a bar shi ko ribas ya yi a cikin tasha. Ba giya kawai ake koya masa ba har da haƙuri. Yanzu wata uku an zama direba.

Sai maganar da ba a son a yi amma dole a yi ta, maganar ƙwaya. Ba kowa ba, wallahi na san direbobi masu tsoron Allah da ko sigari ba sa sha, amma ku ma kun san akwai waɗanda sai sun haɗiyi tiramol ko sun kora wani abu da shayi kafin su fita, wai don kada su gaji. Wanda ya sha wannan ba ya ganin mutum mutum, ƙaramar magana sai ta zama tashin hankali. Kun san su, kun san inda suke saya, a bakin tasha ne ba a wata duniya ba.

Akwai kuma wasu masu a-kori-kurar da ba lodi suke ɗauka ba, masu Hilux baƙin gilashi, wasu lambar ma a rufe da leda. Su nasu fushin ba na yunwa ba ne, na isa ne. Ya taho ta hannun da ba nasa ba ya kunna maka fitila a ido, in ba ka sauka daga kwalta ba ya sauke gilashi ya ce ka san ko ni waye. Da azumi dab da shan ruwa abin ya fi muni, kowa ya sani, a Kabuga, a Ƙofar Nassarawa, a titin gidan Zoo, sai ka ga babbar mota ta hau inda masu tafiya a ƙasa ke bi tana watsa mutane, wai tana sauri a je a sha ruwa. Ranka ya daɗe in kai ne a zaune a baya kana danna waya direbanka yana wannan aika-aika ba ka ce masa komai ba, to kai ne kake yi ba shi ba, domin kalma ɗaya daga bakinka ta isa ya koma layi. Kuma yaran tasha suna kallo, suna ganin ashe girman mota shi ne gaskiya a titi, sai su ma su gwada a kan wanda suka fi.

Wani abu kuma da na lura da shi, yawancin faɗan da ake bayan an gogi juna ba don gugar ba ce, don tsoron wa zai biya ne. Kowa ya san in ya yi sanyi shi za a ɗora wa gyara, shi yasa kowa ke fitowa da ihu tun kafin ya duba abin da ya samu motar. Alhali akwai inshorar da doka ta wajabta, wadda aikinta kenan ta biya wanda ka yi wa ɓarna, tun 2023 ma aka ƙara kuɗinta, ta ƙananan motocin gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Amma mu a wajenmu takarda ce kawai da ake nunawa in an tare ka, da yawa ma ba su san ko ta gaske aka ba su ko ta bogi ba. Shugabannin tasha da za ku tsaya ku tabbatar kowace motar da ke layinku tana da ta gaske, kuma ku koya wa direbobi yadda ake bin hakki da ita, da an rage fitowa da ƙarfe.

Ku shugabanni ku nake wa kallon masu maganin abin fiye da kowa. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, tana nan tun 2012, 'yan Road Safety tun 1988 suke, ga 'yan sanda, kuma ina roƙonsu su ma su riƙa sa ido kan yadda ake tuƙin kansa da yadda ake ɗaure kaya, ba takardu kaɗai ba. Amma jami'i a mahaɗa ɗaya yake tsaye, da an wuce shi shikenan. Ku kuwa kun san kowane direba da sunansa da sunan ubansa da unguwarsu, kun san mai zafin kai kun san mai sanyi. Na tuna ina yaro an taɓa kawo ƙarar wani direba a tashar su Baba, ya zagi wata tsohuwa a hanya har ya watsa mata ruwan kwata. Ba a kira hukuma ba. Dattawan tasha suka zaunar da shi a kan benci, aka hana shi lodi kwana uku, kuma aka haɗa shi da mutum biyu suka je har gidan tsohuwar ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Baba ya ce min tun daga ranar mutumin nan ya zama wani daban. Wannan ikon yana hannunku har yanzu, in kuna iya hana mutum lodi don bai biya kuɗin tasha ba to kuna iya hana shi don ya fito wa mutane da ƙarfe a titi.

Don Allah ku sa a rubuta sunan tasha da lambar mota da lambar wayar ofis ɓaro-ɓaro a jikin kowace a-kori-kura da kurkura, wato mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, gefe da baya, yadda duk wanda aka zalunta zai san inda zai kai kuka maimakon ya tsaya dambe a tsakiyar titi. Wanda ya san ana iya gano shi ba ya yin abin da ya ga dama. Kada motar rodi ko katako ko kwano ta bar Ƙofar Ruwa ko Na'ibawa sai an ɗaure kayan tamau an sa jan ƙyalle, wannan ko naira ɗari biyu ba zai ci ba. Ku zauna da masu motoci a kan maganar balas da sawu, ku gaya musu gaskiya cewa sawu uku cikin gosulon Kano da rana tsaka ba ya yiwuwa sai da ganganci. Manyan kaya kuma in da hali a riƙa fitar da su da sassafe ko bayan an gama kai yara makaranta da ɗauko su, tsakanin bakwai da takwas na safe da wajen biyu na rana titi na yara ne.

Kai kuma yayana da ka fasa gilashin nan, in Allah ya sa wannan rubutun ya iso gare ka ko wani ya karanta maka, ban riƙe ka da ƙiyayya ba, na ga yadda jikinka ya yi sanyi da ka ga jinin matar nan, na ga kuma ka zaro kuɗin da ke aljihunka ka miƙa aka kai ta kemis. Yaron adaidaitan shi ma dattijon nan ya yi masa faɗa sosai kan daƙuwar da ya yi, kuma ya amsa laifinsa. Amma shi ma ba mashin ɗinsa ba ne, balas yake kaiwa kaman kai, kuma ranar da fasasshen gilashi ya koma wa maigidansa. Yarinyar nan ni na tare wani adaidaitan na raka ta har ƙofar gidansu a Rijiyar Lemo, duk hanya ba ta ce uffan ba, sai da muka sauka tana kakkaɓe gilashi daga hijabinta ta ɗago ta ce min, Kawu gobe ma ta nan za mu biyo?

Na ce mata eh, don babu wata hanyar.

Wassalam.
Naku, ɗan direba daga Kurna, Kano.